Ƙa'ida za a fara ba yaro ko magana? Malaman harshe ku zo ku raba mu

Ticha Garwa:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Dan Allah malamai da iyayen da ke guruf ɗin nan shawara nake nema, abin yana cina tun ranar Talata. Ina koyar da Turanci a nan Garwa ta Kamaru a ajin katriyem, wato aji uku na sakandare, yara 94 ne a rajista. Talata ansfekta, wato sufeton makarantu, ya faɗo mini aji ba sanarwa, ya tarar na cika allo da ƙa'idar present perfect, have da has da yadda ake haɗa su da aikatau, har na ja layi da jan alli yara na kwafa a kaye, littafinsu na rubutu. Da aka tashi ya ja ni gefe ya ce wannan koyarwar zamanin kakanni ce, yanzu APC ake yi, wato koyarwa ta hanyar ƙwarewa, a fara da wani abu na rayuwar yau da kullum, yaro ya ji magana a inda ake yinta, shi da kansa ya tono ƙa'idar. Na ce to ranka ya daɗe. Jiya Alhamis na gwada, na rubuta musu hira tsakanin mai shago da mai saye na ce su duba su faɗa min me suka lura da shi. Wlh minti 40 ina kallonsu suna kallona, ƙarshe wani ɗan gaba ya ɗaga hannu ya ce "Mesiye yaushe za a fara darasin?" To ni yanzu wanne zan kama?

Mai Moto:
Hhhhh yaron nan yayi gaskiya, a bashi 20 bisa 20

Baba Metir Marwa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, shekara 33 na yi da alli a hannu kafin in ajiye aiki, kuma a gabana aka yi ta sauya sunan hanyar koyarwa, wannan ta zo a ce ita ce magani, bayan ƴan shekaru a kira mu taro a ce waccan kuskure ce ga sabuwa. Ni dai abin da na sani, mu da aka koya wa Faransanci da dikte, wato shifta, da haddar konjigezon, wato sauye-sauyen aikatau, kuskure biyar a dikte ka tashi da sifiri, har yau in na rubuta takarda ba mai sa mata jan biro. Yaran yanzu mai bak, takardar gama sakandare, a hannu ya rubuto maka demand ta neman aiki ka karanta ka ji kunya ta kama ka. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka rubuta ƙa'idarka su kwafa, ranar da ansfekta zai zo ka yi masa wasan da yake so.

Maman Biyu Ngaundere:
Baba ina kwana, a yi min afuwa zan ɗan saɓa muku. Ƴata tana turwaziyem, aji huɗu na sakandare, bana za ta rubuta jarrabawar BEPC, in ka ce ta jero maka aikatau na Turanci masu taurin kai go went gone, eat ate eaten, za ta yi maka guda 50 ba numfashi kamar mai biya hadda. Watan jiya wata mata daga Bamenda ta shigo shagona za ta ba da ɗinki, ba ta jin Faransanci sosai balle Fulatanci, na ce alhamdulillahi yau kuɗin makaranta zai yi rana, na ƙwala wa yarinya kira. Ta zo ta tsaya kamar an dasa ta. Good morning kawai ta fita. Da hannu muka ƙarasa ciniki ni da matar, ni da ban wuce firamare ba. Shekara huɗu fa tana Turanci a lise ban da na firamare. To haddar nan me ta tsinana mata?

Baba Metir Marwa:
Hajiya kunya ce irin ta ƴaƴa mata, ba rashin sani ba ne.

Maman Biyu Ngaundere:
Baba wannan yarinyar da ba a gama magana a gidan nan sai ta sa baki? Hmm.

Alhajin Atamfa:
Ni ban taba zama a benci ba ko na rana daya amma ina ciniki da hausa da fillanci da faransanci da turancin buroka da larabcin shuwa kadan, Mubi nake zuwa, Duwala nake zuwa, ba wanda ya taba koya min wani nahawu, kunne ne kawai da bukata, in kaya sun makale a hannun duwan, yan kwastan, dole bakinka ya bude. Ku bar wahalar da yara ku tura su kasuwa wata shida

Normaliyan Marwa:
Salam. Ni ɗalibi ne a ENS ta Marwa, makarantar horas da malamai, wannan gardamar ita muke ta sha a aji kuma ba a Kamaru aka fara ta ba. Tun da can a Turai hanyar nahawu da fassara ake bi, yadda ake koyon Latin, a ba ka ƙa'ida ka haddace ka fassara jimloli. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 wasu suka ce a'a a koyar da harshe da harshen kansa ba fassara, irin abin da makarantun Berlitz suka shahara da shi. Lokacin yaƙin duniya na biyu sojan Amurka suna bukatar masu jin harsuna da gaggawa, daga nan aka samo hanyar maimaitawa, malam ya faɗa aji su amsa har ya zama jiki. A shekarun 1970 kuma aka koma kan sadarwa, wato harshe don a yi magana da shi ne. Sannan Stephen Krashen ya zo a shekarun 1980 ya ce mutum yana samun harshe ne ta hanyar jin magana da karanta rubutun da yake fahimta wanda ya ɗan fi ƙarfinsa kaɗan, ƙa'idar da aka haddace kuwa aikinta kawai ta zama ɗan sanda mai duba kuskure bayan maganar ta riga ta zo. Kun ga abin da Alhaji ya faɗa da abin da ya sami ƴar Maman Biyu duk suna cikin maganarsa.

Mai Moto:
Ashe Alhaji furofesa ne bamu sani ba

Madam Alman Gidar:
Ƙanina Normaliyan, ka tsaya a tsakiyar labari. Ƙarasa mana, me ya faru a Kanada? Tunda ka fara bari in tuna maka, a 1965 a wani gari Saint-Lambert kusa da Montreal aka fara sa yara masu jin Turanci a ajin da komai da Faransanci ake yi, lissafi, tarihi, komai, shekara da shekaru suna wanka a cikin harshen. Suka fito suna ji sarai, suna magana ba gargada, amma da aka duba bakinsu da rubutunsu sai ga kurakuran nahawu sun zauna daram, le da la a cakuɗe, ƙarshen aikatau a karkace. Merrill Swain ce ta yi ta nazarin wannan har ta ce ji kaɗai bai isa ba, dole a matsa wa yaro ya furta ya rubuta a nuna masa inda ya kauce. Alhaji ina girmama ka amma tsakani da Allah, Faransancin da kake yi da duwan za ka iya rubuta shi a takardar kwangila?

Alhajin Atamfa:
Shi yasa nake biyan yaro mai bak ya rubuta min, shi yana da nahawu ni ina da shago hhh

Alaramma Kuseri:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba. Ina jin ana ta sukar hadda kamar wata cuta. Mu a zaure da Ajurumiyya ake fara nahawun Larabci, ɗan ƙaramin littafi na wani malamin Fas da ya rasu a 1323, wanda ya yi nisa ya shiga Alfiyyar Ibn Malik, baiti wajen dubu, a haddace su tas. Da wannan hanyar aka fitar da malaman da suka rubuta littattafai da waƙoƙi da Larabci a Borno da Sakkwato da Adamawa ba su taɓa taka Misra ba. Amma a lura da abu guda, mu ba ma ba yaro nahawu da farko. Sai ya shekara da shekaru yana karanta Alƙur'ani, ya yi Ahalari, ya yi Ishmawi, malam na fassara masa kalma kalma da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, Larabci ya cika masa kunne, sannan a ce zo ga dalilin da ya sa wannan ta ɗauki rufu'a waccan ta ɗauki fataha. Ƙa'idar tana sauka a kan abin da ya riga ya sani. Ku kuma kuna ba yaro ƙa'idar abin da bai taɓa ji ba.

Ustaz Njamena:
Allah ya gafarta Malam, maganarku gaskiya ce amma bari in kawo tamu matsalar daga wannan ƙetaren gadar Ngeli. Mu a Cadi Larabci da Faransanci ne harsunan gwamnati, kuma yaro a Njamena ko Abeshe ya tashi da Larabcin gida a bakinsa tun yana rarrafe. Sai ya shigo aji in kama shi da i'irabi, fa'ili marfu'i, maf'uli mansubi, Zaidu ya doki Amru, yau shekara ɗari nawa Zaidu na dukan Amru ba wanda ya raba su. Yaron zai yi maka i'irabin jimla tsaf ya ci maki, ka ce ya tashi ya yi bayanin minti biyu da Fusha sai ya fara da jimla ɗaya ya zame ya koma na kasuwa. Ni na ga masu Alfiyya a ka waɗanda in Balaraben Sudan ya yi musu tambaya sai gumi. Karatu da fassara suna da shi kam ba musu, bakin ne babu.

Alaramma Kuseri:
Ustaz ai ba don ciniki da Balarabe muka karanta ba, don fahimtar littafi ne. Kowace hanya da inda ta nufa.

Madam Alman Gidar:
Yawwa Malam, nan ne wurin. Ticha kai ina ka nufa da yaranka?

Ticha Garwa:
Madam in faɗa miki gsky BEPC na nufa. Takardar Turanci kashi huɗu ce, nahawu, kalmomi, karanta labari a amsa tambaya, sai rubuta insha'i, duk da biro ake yi ba wanda zai ce yaro ya buɗe baki. Iyaye sakamako suke kallo, shugaban makaranta kashi nawa cikin ɗari suka ci yake kallo, ansfekta kuma APC yake kallo, ni ina tsakiya kamar kashin awaki. Sannan awa uku ce a sati, yara 94, benci ɗaya mutum huɗu, waɗanda ke da littafi ba su kai 20 ba. An ce in raba su rukuni rukuni su tattauna, ta ina za su juya bencin? In na ce su yi hira biyu biyu da Turanci minti ɗaya aji ya koma kasuwar shanu kuma duk da Fulatanci suke yi. Ga zafin watan huɗu na tafe, ƙarfe ɗaya na rana ƙarƙashin kwano ko ni kaina ba na gano ƙa'ida.

Normaliyan Marwa:
Amma yaya ai matsalar yawan yara daban, ingancin hanyar daban. Ba za a ce hanyar ba ta da kyau don ajin ya cika ba.

Baba Metir Marwa:
Yaro, ka gama makarantar a tura ka wani ƙauye bayan Mokolo inda allon ma ya tsage, sai ka dawo mu yi wannan maganar.

Admin:
Jama'a a yi a hankali dan Allah, ba faɗa ake ba. Wanda kuma ya turo tallan fili a tsakiyar muhawara na goge, kar a sake.

Madam Alman Gidar:
Bari in ba ku abin da ni nake yi, ba daga littafi ba, daga aji. Jamusanci nake koyarwa, yara sai a katriyem suke fara shi, ba su taɓa jin ko kalma ɗaya ba a titi, babu shi a rediyo babu a kasuwa, to in na ce su gano ƙa'ida da kansu daga ina za su gano ta? Ga shi harshe ne mai der die das, jinsi uku, kuma kalmar tana sauya riga gwargwadon aikinta a jimla. Shekarun farko da Faransanci nake ta bayani, sai na lura ina ɗora kaya a kan jakin da shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba, don rabin ajin COD da COI ɗin Faransancin ma, wato karɓau na kai tsaye da na kaikaice, ba su zauna musu ba. Wata rana ina koyar da die Sonne da der Mond, yara suka rikice sbd a Faransanci rana namiji ce le soleil, wata kuma mace la lune, Jamusanci ya juya su. Kawai sai na ce da Hausa, ku tsaya, rana ta fito ake cewa ko rana ya fito? Suka ce ta fito. Wata fa? Ya fito. Na ce to Bajamushe ɗan'uwanku ne, yadda kuka ce haka ya ce. Wlh ajin ya kaure da dariya kuma har suka bar hannuna ba wanda ya sake kuskuren waɗannan biyun. Ba wai kullum ake dacewa haka ba, sau da yawa ma ba ya dacewa, amma ranar suka gane cewa jinsin kalma ba wani sihirin Turawa ba ne, suna da shi a bakinsu tun suna goye.

Ustaz Njamena:
Allahu akbar, a Larabci ma haka ne, shamsu mace ƙamaru namiji. Faransawa ne su kaɗai suka bi ta daji kenan.

Maman Biyu Ngaundere:
Madam da ke ce malamar ƴata da na huta. Amma yaran Fulani fa? Mijina Bafulatani ne, har yau in yana Hausa sai ya ce wa ƙanwarsa "ya zo".

Madam Alman Gidar:
Hhhh Hajiya ai dalili ne da shi, Fulatanci bai raba mace da namiji, "o" ɗaya ce ta ɗauke su duka, shi yasa yaran Fulani ke haɗa il da elle da he da she. Amma su kuma suna da nasu rukunan suna masu yawa, nagge nge, puccu ngu, suudu ndu, kowane suna da ƴar kalmar da ke binsa, to in na zo musu ta nan sai in ce yadda ba ka cewa nagge ndu haka ba ka cewa die Mond, ka haddace suna tare da abokin tafiyarsa. Malamin da ya san inda harshen yaro ya saɓa da wanda yake koya masa ya san kuskuren tun kafin a yi shi.

Baba Metir Marwa:
Maganar Madam ta tuna min wani abu da ban cika son faɗa ba. Zamaninmu akwai sambol, wani ƙashi ne ko gwangwani da aka ɗaura wa igiya, duk yaron da aka ji ya yi yaren gida a harabar makaranta sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta farautar wani da zai miƙa wa, wanda ya kwana da shi ya sha bulala da safe. An rataya min, ni ma da na zama metir, malamin firamare, na rataya wa ƴaƴan mutane, Allah ya yafe mana. Amma ga abin mamaki, imparfait da passé composé, sigogi biyu na lokacin da ya wuce a Faransanci, na shekara ina koyar da su da ƙa'idar littafi, wai ɗaya aiki ne mai tsawo ɗaya gajere, yara suna ta faɗuwa, don in ka ce mutum ya yi shekara 10 a Yawunde ai aikin da tsawo amma passé composé ake sa masa. Sai wani yammaci ina gyara kaye a gida na ji uwargida tana ba da labari ta ce "ina cikin daka sai ga shi ya shigo". Na ajiye biro. Ina daka, imparfait kenan. Ya shigo, passé composé. Washegari na rufe ƙofar aji na faɗa musu da Hausa da Fulatanci a hankali kamar mai sayar da kayan sata, ni da ke rataya sambol. Shi ne darasin da ya fi kowanne zama a kan yaran a shekarar.

Mai Moto:
Baba ashe kuma kun taba fasa kwauri hhhh

Normaliyan Marwa:
Baba to ai kun dawo kan maganata, ba ƙa'idar littafi ce ta yi aiki ba.

Baba Metir Marwa:
Ban dawo ko'ina ba. Ƙa'ida na ba su, da bakina na faɗa, ban zauna ina jira su tono ta ba. Bayan nan kuma sai da suka cika shafi uku da atisaye. Abin da ya canza shi ne yaren da na faɗe ta da shi.

Ticha Garwa:
Ni tsorona biyu ne. Na ɗaya in ansfekta ya ji ina Hausa a ajin Turanci ai na mutu, Faransancin ma cewa ya yi in rage. Na biyu ajina ba Hausawa da Fulani kaɗai ba ne, akwai Tupuri akwai Mundang akwai Fali akwai ƴaƴan ma'aikata da aka turo daga kudu, in na yi bayani da Hausa su kuma fa? Kar a ce malam yana nuna bambanci, kun san yadda abin nan yake da saurin zama magana.

Madam Alman Gidar:
Wannan tsoron na biyu gaskiya ne kar ka raina shi. Ni abin da nake yi ba na zama mai fassara, tambaya nake jefawa, wa zai faɗa mana yadda ake cewa wannan a gidansu? Sai ka ga Batupuri ya miƙe, Bamundange ya miƙe, kowa na son a ji nasa, ni ma da yawa ban sani ba a wurin nake koya. Minti uku ya isa, a koma harshen da ake koyo. Maganar ansfekta kuma, gwamnati da kanta ta sa harsunan gida da al'adu a manhajar sakandare, Fulatanci ma ana koyar da shi a wasu makarantu, ba zamanin sambol muke ba. Kuma dai ka ba shi abin da yake nema, ka fara da hira ɗin, ba laifi ba ne. Kuskurenka na Alhamis a ganina shi ne ka ce "me kuka lura" kawai ka sake su a daji. Yaron da tun SIL, ajin farko na firamare, aka saba masa da kwafa ba zai san me ake nufi da lura ba. Ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin, ka tambayi ƙaramar tambaya, wace kalma ce ke maimaituwa, me ke zuwa bayanta, minti 10 in sun gano falillahil hamdu, in ba su gano ba ka faɗa musu da bakinka ka wuce, ba a kashe awa guda ana wasan ɓuya da ƙa'ida.

Ustaz Njamena:
Sannan a rage sunaye. Wani lokacin sunan ƙa'idar ya fi ƙa'idar wuya. Yaro zai iya cewa abu daidai shekara biyu kafin ya iya faɗin sunansa a nahawu.

Alhajin Atamfa:
Ni dai har yanzu ban ga wanda ya amsa min ba, yarona na biyu yana tarminal, ajin karshe na sakandare, na tura shi banki da takarda ya dawo wai bai gane abinda matar ta ce ba, ni na koma da kaina

Maman Biyu Ngaundere:
Alhaji ai ciwonmu ɗaya. Ni yanzu na sa mata doka, duk dare ta kunna labaran Turanci na CRTV ta faɗa min abu uku da ta ji, in ba haka ba babu waya. Jiya ta ce min ta ji "minister" sau bakwai.

Alaramma Kuseri:
Hajiya ki ci gaba, kunnen ne ake cikawa. Ranar da malaminta zai kawo ƙa'ida za ta sami wurin zama.

Ticha Garwa:
Salam jama'a, na dawo da rahoto tunda kun ba ni lokacinku satin da ya wuce. Litinin na shiga ban rubuta komai a allo ba, na tambayi wani yaro da Hausa, ka taɓa zuwa Ngaundere? Ya ce bai taɓa ba. Na ce wa ya taɓa shiga jirgin ƙasa zuwa Yawunde, hannu shida. Na ce da Fulatanci yaya ake cewa ban taɓa ba, suka amsa da ƙarfi mi meeɗaay, wata yarinya Batupura ta ba da nasu, aka yi ta dariyar yadda na maimaita. Sannan na ce to Bature in zai ce ka taɓa, have you ever yake cewa, ban taɓa ba kuma I have never. Na rubuta tambaya biyar a allo, wa ya taɓa ganin dorina a Binuwai, wa ya taɓa shiga filin Rumde Ajiya kallon ƙwallon Coton Sport, irin waɗannan, layi na dama su tambaya layi na hagu su amsa, ba wanda ya juya benci. Hayaniya kam an yi har sansar, mataimakin shugaban makaranta, ya leƙo ta taga. Minti 15 na ƙarshe na rubuta ƙa'idar da jan allina kamar yadda na saba suka kwafa, Baba kar ku damu ban yar da ita ba. Laraba na ba su jimla 10 su cike, ever da never kusan kowa ya samu, har ƴan bayan aji da ban taɓa jin muryarsu ba. Amma aikatau ɗin nan dai sai a hankali, "I have never see", "I have never went" sun fi 40, wato haddar go went gone da Maman Biyu ke kuka da ita nan ake bukatarta kuma nawa ba su da ita.

Maman Biyu Ngaundere:
To in aiko maka da tawa ta jero musu, ita kuma su koya mata buɗe baki.

Baba Metir Marwa:
Aikatau biyar kullum a farkon darasi, a tsaye, minti uku. Kafin hutun Ista sun haddace.

Ticha Garwa:
Zan gwada Baba. Saura since da for, jiya na taɓa su na ji wuta. Faransanci depuis ɗaya ce ta ɗauki duka biyun, ga shi kuma suna sa present a inda Turanci ke son present perfect, "I am here since two years" aka yi ta rubuto min. Na so in bi ta Hausa, "tun bara" da "shekara biyu kenan", tun ɗin ta hau kan since daidai amma ɗayar ta ƙi zama, na rikice a gaban allo har na goge da hannun riga. Madam, Baba, in akwai wanda ya taɓa samo bakin zaren wannan ya turo min kafin Litinin, ƙarfe bakwai da rabi nake da su.

Madam Alman Gidar:
Ina layin cajin waya, wuta ta ɗauke tun azahar. In ta kawo zan yi maka voice da daddare, amma ka fara jero musu lokutan a gida biyu a allo, tun yaushe a dama, tsawon nawa a hagu, su da kansu su raba kafin ka kawo kalmomin Turancin.

Mai Moto:
Ticha in ansfektan ya dawo ka kira ni in dauko shi, zan bi dashi ta hanya mai nisa sai an tashi